Goshin Klingon da Injin Discovery Ba Nauyinsu Ɗaya Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata muhawara da ta daɗe tana raba kan masu kallon Star Trek, shirin talabijin na almarar kimiyya da Gene Roddenberry ya ƙirƙira, wanda tashar NBC ta Amurka ta fara nunawa ranar 8 ga Satumba, 1966. Na san wasu masu karatu za su ce me ya yi zafi a kan labarin kumbo da halittun wasu duniyoyi, amma duk wanda ya taɓa bin shiri mai dogon zango shekara da shekaru ya san ɗacin da ake ji idan aka wayi gari marubuta sun rushe abin da suka gina da hannunsu. Ni tun ina sakandare nake kallon wannan shiri, a kaset ɗin bidiyo da yayana yake kawowa gida lokacin hutu, kuma har yau ban daina ba.

Gardamar duka a kan abin da masoya shirin suke kira kanon take, wato tarihin da aka yarda shi ne ya tabbata a cikin duniyar labarin. Wani ɓangare yana ganin ko launin riga aka sauya an ci amanar masu kallo, wani kuma yana cewa ai labari ne, marubuci yana da ikon juya shi yadda ya ga dama. A nawa ganin, kowanne ɓangare ya cusa abubuwa biyu a buhu ɗaya alhali nauyinsu ya bambanta, kuma misalan da ke cikin shirin sun isa su nuna haka.

Mu ɗauki maganar goshin mutanen Klingon, wata ƙabilar mayaƙa ta wata duniya a cikin shirin, domin ita ce maganar da aka fi yayatawa. Lokacin da suka fara bayyana a 1967, goshinsu sumul yake irin na ɗan Adam, gemu da ɗan duhun fata kawai aka ƙara musu, domin kuɗin da shirin ke da shi a wancan zamani bai kai a yi wa 'yan wasa kwalliya mai tsada ba. Da aka zo fim ɗin sinima na farko a 1979, kuɗi ya samu, sai ga su da goshi mai kunyoyi kamar gonar da aka yi wa huɗa, kuma da wannan kamanni ɗan Klingon mai suna Worf, wanda Michael Dorn ya fito a matsayinsa, ya shiga zukatan jama'a tun daga 1987. A 1994 shirin Deep Space Nine, ɗaya daga cikin rassan Star Trek da suka biyo bayan na asali, ya dawo da tsofaffin mayaƙa uku, Kor da Kang da Koloth, da ainihin 'yan wasan da suka taka rawar a shekarun 1960, aka yi musu sabon goshin ba tare da an ce uffan ba, kuma labarin bai rasa komai ba. Shekara biyu bayan haka, a kashin da aka shirya don cikar shirin shekara 30, jaruman suka koma zamanin Kyaftin Kirk, jarumin shirin na asali, suka ga 'yan Klingon masu sumul ɗin goshi, da suka tambayi Worf sai ya ce wannan magana ce da ba sa tattaunawa da bare. A wurina nan ya kamata a tsaya, domin amsar ta dace da halin mutumin da ya ba da ita, ta kuma girmama hankalin mai kallo.

Amma ba a tsaya ba. A 2005 shirin Enterprise ya kashe kashi biyu cur yana bayanin cewa 'yan Klingon sun yi ƙoƙarin ƙara wa mayaƙansu ƙarfi da ƙwayoyin halittar wasu mutane da aka sarrafa, abin ya haɗu da wata mura ya zama annoba, maganin da Likita Phlox ya samo kuma ya ceci rayuka amma ya bar su da goshi irin na ɗan Adam. An yi dabara, ban musa ba. Sai dai da shirin Discovery ya zo a 2017 ya sake musu fasali gaba ɗaya, kai ƙwal babu gashi, sai wancan bayani ya zama tarko, domin tun da an taɓa koya wa masu kallo cewa kowane sauyin kwalliya yana da dalili a cikin labari, dole suka sake miƙa hannu suna neman wani. Aka ce musu aski ne na lokacin yaƙi, gashi ya dawo a zango na biyu. Duk wannan wahala ce da aka jawo wa kai a kan abin da mai kallo yake yafewa da kansa, kamar yadda mu ma a nan muke karɓar sabuwar jaruma idan ta maye gurbin wata a tsakiyar shiri, muddin halin da muka sani bai sauya ba.

Haka nake kallon kabarin da aka rubuta wa James R. Kirk a ɗaya daga cikin kashin farko-farko, alhali kowa ya san sunansa James T. Kirk ne. Tuntuɓen alƙalami ne, ba ya buƙatar sharhi.

Inda nake rabuwa da masu cewa komai ya halatta shi ne injin kumbon Discovery. An kafa labarin a shekarar 2256, kimanin shekara goma kafin zamanin Kirk, aka kuma ba kumbon wani inji da ke bi ta wata hanyar saiwoyin naman gwari da ta ratsa sararin samaniya, yana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan cikin ƙiftawar ido. To, ga shirin Voyager da aka nuna daga 1995 zuwa 2001, wanda ginshiƙinsa kaf shi ne cewa an jefa Kyaftin Janeway da mutanenta nisan da haske zai shekara 70,000 kafin ya ratsa, tafiyar da aka ƙiyasta za ta ɗauke su shekara 75 kafin su ga gida. Shekara bakwai muna tare da su suna tsimin makamashi, suna binne abokan tafiya, suna aika saƙo ga iyalan da suka riga suka yi zaman makokinsu. Yanzu sai a ce mana rundunar Starfleet, wadda kumbunan biyu duka nata ne, ta mallaki abin da zai ɗauko su a yini guda tun shekara 115 kafin su ɓata. Wannan ya wuce maganar kamanni, domin ya taɓa farashin da mutanen labarin suka biya, kuma da wannan farashi ne aka sayi hawayenmu.

Na san amsoshin da ake bayarwa, kuma adalci ne in kawo su. Injin yana buƙatar matuƙi da aka cusa wa ƙwayoyin halittar wata dabba, abin da doka ta haramta. Kumbo na biyu da ke da irinsa, Glenn, ya halaka. A ƙarshen zango na biyu kuma, a 2019, Discovery ya tsallaka zuwa ƙarni na 32, Spock, aminin Kirk a shirin na asali, ya ba da shawarar a hana kowa ambatonsa, wanda ya karya kuma a tuhume shi da cin amanar ƙasa. Game da Michael Burnham, jarumar Discovery, yarinyar da iyayen Spock suka riƙa amma bai taɓa ambatonta a tsofaffin shirye-shirye ba, na karɓi wannan shiru hannu bibbiyu, domin Spock mutum ne mai zurfin ciki: a 1967 sai da Jakada Sarek ya hau kumbon Enterprise kafin Kirk ya san mahaifin amininsa ne, ɗan ubansa Sybok kuwa ba a ji ɗuriyarsa ba sai a fim ɗin 1989. Amma shirun mutum ɗaya game da gidansu daban yake da shirun runduna game da makami. Mun ga yaƙin da aka yi da daular Dominion a zangunan ƙarshe na Deep Space Nine, inda tura ta kai bango har Kyaftin Sisko ya yarda aka ƙirƙiri shaidar ƙarya don a jawo daular Romulan cikin yaƙin, sashen asiri na Section 31 kuma ya saki cuta don ya ƙarar da shugabannin abokan gaba baki ɗaya. Wannan sashe yana cikin labarin Discovery dumu-dumu, ya san injin. Ta yaya mutanen da suka iya shirya kisan kiyashi za su ji nauyin buɗe tsohuwar takarda saboda rantsuwar da aka yi fiye da shekara ɗari baya? Hankalina bai kama wannan ba, kuma ban ga kashin da ya fuskanci tambayar ba.

Don kada a ɗauka ina adawa da duk wani sabon abu, ga misalin da nake ganin an yi daidai. A kashin da ya gabatar da Khan a 1967, an ce mutanen da aka sarrafa halittarsu sun ƙwace mulki a shekarun 1990 har aka gwabza yaƙi, shi Khan ya mallaki fiye da rubu'in duniya daga 1992 zuwa 1996. Shekarun suka zo suka wuce, har Voyager ya kai jarumansa Los Angeles ta 1996 babu alamar yaƙi, daga baya Strange New Worlds a 2023 ya ce masu kutse a cikin zamani ne suka tura abin gaba, ya nuna Khan yana yaro a Toronto. Masu riƙe da kalanda sun yi ta ƙorafi, ni kuwa ko a jikina, saboda tabon da yaƙin ya bari, wato haramcin sarrafa halittar mutum, ba a taɓa goge shi ba. Saboda wannan tabo ne mahaifin Likita Bashir na Deep Space Nine ya karɓi ɗaurin shekara biyu a kashin 1997, bayan an gano ya sa an gyara halittar ɗansa yana ƙarami. Saboda shi ne kuma aka gurfanar da Una Chin-Riley ta Strange New Worlds gaban kotun soja a kashin 2023, don ta ɓoye cewa an sarrafa halittarta ta shiga aiki. Shekara 56 tsakanin kashin Khan da wannan shari'a, marubuta daban-daban, amma tsoro ɗaya da zalunci ɗaya suna bin zuriya bayan zuriya. Wannan shi ne abin da nake nufi idan na ce a riƙe tarihin labari.

Fim ɗin J. J. Abrams na 2009 ma ya fito fili ya ce reshe ne daban ya tsage daga tsohon tarihi, don haka da ya tarwatsa duniyar Vulcan, mahaifar Spock, bai zalunci kowa ba, rushewar Romulus, duniyar mutanen Romulan, da ta haddasa tsagewar kuma shirin Picard ya ɗauke ta a 2020 ya gina labarin 'yan gudun hijira a kanta.

Saboda haka roƙona ga masu sharhin fina-finai a shafinku na nishaɗi shi ne, idan za su taɓo wannan muhawara, su bar ƙirga kunyoyin goshi da maɓallan riga, su tambayi wa aka sa ya sha wahala a baya, kuma ko sabon labarin ya mayar da wahalarsa ta banza. Ga masu shirin kuwa, bashin da nake bin su kashi ɗaya ne tak, wanda za a zaunar da Janeway a gaban wanda ya san da injin Discovery ya yi shiru shekara bakwai, ta tambaye shi dalili, a bar mu mu ji abin da zai ce mata.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Zariya, Jihar Kaduna.