Wasiƙa zuwa ga Baba da Inna: Duwatsun Karlu Karlu

Alice Springs, Ostiraliya
Watan Yuli

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya ƙafar Baba? Yaya ya gaya mini an sauya magani, Allah Ya sa a dace, Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai dai sanyi. Lokutan ƙasar nan a juye suke, Yuni da Yuli su ne tsakiyar hunturu, wani lokaci da asuba har raɓa takan daskare a gilashin mota.

Abin da ya sa na zauna rubuta doguwar takarda, alhali muna gaisawa ta waya, shi ne alkawarin da jikarku ta yi wa Baba. Ta ce za ta aiko masa da dutse daga wurin da za mu je, shi kuma ya ce yana jira. To ga ambulan ya iso, babu dutse a ciki. Abin ya dame ta ƙwarai, tana ta cewa kada Kaka ya ɗauka ta manta ko ta yi masa ƙarya. Na ce ta kwantar da hankalinta, zan rubuta bayanin tun daga tushe, Auta ya karanta muku a natse.

Tushen tafiyar wani wasa ne da ake kira jiyokashin, wanda wata dattijuwa abokiyar aikina ta koya mana. Mutum zai samu ɗan gwangwani ko roba mai murfi da ruwa ba ya shiga, ya sa ƙaramin littafi da 'yan kayan wasan yara a ciki, ya ɓoye shi a wani wuri da yake so mutane su gani. Sai ya sa lambobin wurin a intanet, wato alƙaluman da ke nuna daidai inda wurin yake a doron ƙasa. Mai nema zai buɗe manhaja a wayarsa, wayar tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam na GPS, kibiya tana nuna masa inda zai dosa da saura mita nawa. Kibiyar takan kai mutum kusa ne kawai, daga nan sai ido da lura. In ka samu, ka rubuta suna da kwanan wata a littafin. In ka ɗauki wani abu, ka ajiye wanda ya kai shi ko ya fi shi. Ba a sa abinci saboda dabbobi, ba a haƙa rami a binne. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce ka mayar da gwangwanin daidai inda ka same shi, yadda ka same shi, domin na baya.

Baba mai son sanin asalin abu ne, don haka ga asalinsa. Kafin shekarar 2000 gwamnatin Amurka da gangan take rage ingancin GPS ga farar hula, har kuskuren yakan kai mita 100. Ranar 2 ga Mayu, 2000 aka cire wannan shinge. Washegari wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a daji a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin don ya ga ko wani zai iya kai kansa. Cikin 'yan kwanaki aka same shi. Yau irin waɗannan ma'ajiyai sun haura miliyan 3 a faɗin duniya.

Ni abin da ya ja ni gare shi daban ne. Aikin asibiti yau dare gobe rana ne, sai in yi kwanaki ban ga yarinyar nan a farke ba, in na gan ta kuma tana gaban allon waya. Wannan wasa ya fitar da mu waje mu uku. Kuma mun kafa doka cewa da zarar an shiga mota Hausa kaɗai ake yi. Inna ta lura bakinta ya ƙara sakewa a waya, to daga nan ne.

Mun tashi bayan asuba, muka hau babbar hanyar Stuart, wadda ta ratsa ƙasar nan ta tsakiya daga Port Augusta a kudu har Darwin a arewa, kimanin kilomita 2,700. Namu rabon kusan kilomita 400 ne. Hanya ce miƙaƙƙiya, jar ƙasa dama da hagu, ciyawa mai tsini, da suri jere-jere har iyakar gani. Wasu matafiya sukan sa wa surin tsofaffin riguna da huluna, daga nesa sai ka rantse mutum ne tsaye. Ga manyan tireloli masu jan bodi uku, tsawon ɗaya ya fi mita 50, in za ka wuce su sai ka tabbata gabanka a buɗe yake sosai. Mun sha mai a Ti Tree, muka ɗan tsaya a Barrow Creek inda tsohon ofishin tangarahu na dutse yake har yanzu. A wurare da yawa babu sabis ɗin waya ko kaɗan, shi ya sa tun a gida na sauke taswira da lambobin. GPS dai ba ruwansa da sabis, daga sama yake sauka.

Mun wuce Wauchope kaɗan ke nan, mai ɗakina ta ce, "Tsaya, tsaya!" Baba, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe, sai ga manyan duwatsu mulmulallu a warwatse ta ko'ina, jajaye, kamar an mulmula su da tafin hannu an ajiye. Wasu ba su wuce rabin mita ba, wasu faɗinsu ya kai mita 6. Wani yana zaune a kan wani, inda suka taɓa juna bai fi faɗin faifai ba, kana kallo kana jin in iska ta kaɗa zai gangaro, alhali ya fi kakannin kakanninmu daɗewa a haka. Akwai wanda ya rabe gida biyu daidai wa daida, fuskokin sumul kamar an sa wuƙa, har mutum yana iya tsayawa a tsakani. Na daɗe tsaye ban ce komai ba sai tasbihi.

Turawa suna kiran wurin Devils Marbles, wato ƙwallayen wasan Shaiɗan, sunan da ake dangantawa da zamanin da ake neman hanyar da za a ja wayar tangarahu, wajen 1870. Ban so sunan ba. Masu ƙasar na asali suna ce masa Karlu Karlu, ma'ana mulmulallun duwatsu, kuma da shi nake kiransa. Al'ummomi huɗu ne ke da alaƙa da wurin: Warumungu, Kaytetye, Alyawarra da Warlpiri. A 2008 aka mayar musu da mallakar ƙasar, su kuma suka ba hukumar gandun daji haya ta shekara 99, ana kula da wurin tare. Sun roƙi baƙi kada su hau kan duwatsun, akwai kuma sassan da aka sa alama kada a ɗauki hoto. Mun kiyaye.

Abin da muka zo nema a cikin gandun ba gwangwani ba ne. Akwai wani nau'in wasan da ake kira EarthCache, wanda a nan Ostiraliya aka fara shi a 2004. Shi babu abin da aka ɓoye, wurin kansa shi ne abin nema. Za a ba ka tambayoyi kan yadda ƙasa ta samar da abin da ke gabanka, ka duba da idonka ka aika amsa. Wannan ya tilasta mana mu kalli duwatsun da kyau maimakon mu ɗauki hoto mu wuce, kuma a ganina ya fi na gwangwanin amfani nesa ba kusa ba.

Ga abin da muka fahimta. Masana sun ce sama da shekara miliyan 1,500 da suka wuce, narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa, bai kai ga fitowa ba ya huce a ƙarƙashin wani dutsen yashi, ya zama giranit. Da tafiya ta yi tafiya sai ya tsattsage, wasu tsagogin a tsaye wasu a kwance, ya zama kamar tubala da aka jera. Ruwa ya riƙa bin tsagogin yana cin dutsen. Kusurwa ta fi saurin cinyewa domin ta fuska uku ruwa yake kama ta, gefe ta fuska biyu, shi ya sa tubali mai kusurwa yake komawa ƙwallo. Da iska da ruwan sama suka kwashe abin da ya rufe su, sai suka bayyana a zaune kan juna yadda suke tun a ƙarƙashin ƙasa. Ba wanda ya ɗora wani kan wani. Har yanzu aikin bai tsaya ba: zafin rana yana buɗa fatar dutsen, sanyin dare yana tsuke ta, sai ta riƙa ɓarewa siriri-siriri kamar ɓawon albasa. Jan launin ma a fata kawai yake, tsatsa ce ta sinadarin ƙarfen da ke ciki. In ka leƙa wanda ya rabe, ko inda ɓawo ya faɗi bai daɗe ba, za ka ga toka-toka ne mai ɗigo-ɗigo. Jikarku ce ta fara lura da wannan, ita ce kuma ta gano sheƙoƙin laka masu kama da tulu da wasu ƙananan tsuntsaye suka manna a ƙarƙashin wani dutse.

A gindin wannan dutsen ta tsinci guntun ɓawo mai faɗin tafin hannunta, ja ta waje, toka ta ciki. Ta goge shi da rigarta ta sa a aljihu, ta ce na Kaka ne.

Doka ta hana ɗaukar komai daga gandun, da na iya gaya mata haka kawai a wuce wurin. Amma na ga ya fi in ba ta labarin da na sani, domin ya shafi aikina. Akwai wani malamin coci mai suna John Flynn, shi ya kafa aikin likitocin da ke zuwa ƙauyuka masu nisa da jirgin sama a 1928. Har gobe jiragen nan suna kawo mana marasa lafiya daga inda mota za ta yi yini ba ta kai ba, kuma hotonsa yana kan takardar dala 20 ta ƙasar nan. Mutum ne da ya yi wa jama'a aiki, ba mai musu. Da ya rasu a 1951, aka yi masa makwanci a yamma da Alice Springs, masu son girmama shi suka zo har Karlu Karlu suka ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun nan a babbar mota, suka ɗora a kan kabarin. Ba su tambayi masu ƙasar ba. Ashe daga wuri mai alfarma ga matan yankin aka ɗauke shi. Abin ya yi wa masu shi ciwo, ya kuma dami mutanen Arrernte, waɗanda aka kawo dutsen wasu aka ajiye a ƙasarsu. Fiye da shekara 40 ana wannan magana. Sai a 1999 aka mayar da dutsen mazauninsa, mutanen Arrernte kuma suka zaɓo wani daga tasu ƙasar suka bayar aka sa a kabarin.

Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni, "Abba, su waɗanda suka fara roƙo a dawo da shi, sun ga dawowarsa?" Na ce shekarun suna da yawa, ba lalle duka suka kai ba. Ta yi shiru. Can ta ce in raka ta. Muka koma gindin dutsen, ta nemi gurbin da ɓawon ya bari a ƙasa, ta ajiye shi jan yana sama yadda ta same shi. Ba ta yi kuka ba sai da muka shiga mota, kuma kukan na alkawarin Kaka ne.

Tambayar nan tata ta zauna mini a rai. Na tuna maganar Inna a wayarmu ta ƙarshe, da ta ce shekara shida ke nan, yaushe za ta gan mu da idonta. Na amsa mata da in sha Allahu kamar kullum, na kuwa ji yadda muryarta ta yi. A daren nan muka kwana a sansanin da ke gefen duwatsun, sanyi ya hana ni barci, na fito na zauna. Taurari sun cika sama fal, duwatsun sun zama baƙaƙen inuwoyi, ina ta lissafin shekarun Baba da na Inna da na yarinyar da ba ta san kakanninta ba sai ta gilashin waya. Da muka dawo, ranar Litinin na shigar da takardar neman dogon hutu. An amince mini da mako shida daga tsakiyar Disamba, lokacin da makarantu ke rufewa a nan. Mu uku za mu zo da yardar Allah. Ban so in faɗa a waya ba sai da ta tabbata.

Gwangwanin ma mun samu ɗaya a hanyar dawowa, a wajen gandun, kusa da wani wurin hutawar matafiya. Mun fi minti ashirin muna zagaye, ƙudaje sun dame mu, sai mai ɗakina ta lura da wasu duwatsu uku da aka jingina a gindin itace ba yadda ƙasa take ajiye su ba. Littafin ciki ya kusa cika da sunayen mutane daga Jamus da Japan da wasu wuraren. Jikarku ta rubuta kwanan wata, a ƙasa ta sa "Ni da Kaka, mun gode", da Hausa. Ta ajiye ɗan abin ɗaure gashinta, ba ta ɗauki komai ba.

Abin da za ku tarar a ambulan zanen dutsen da ya rabe biyu ne, ita ta yi da hannunta, da hotuna huɗu daga inda aka yarda a ɗauka. Ta ce a gaya wa Kaka ɗan mutumin da ke tsaye a tsakiyar dutsen cikin zanen shi ne, sandar ma tasa ce.

A gaishe da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Kawu, da duk wanda ya tambaye mu. Auta, ka turo mini sunan sabon maganin Baba da adadin da yake sha, ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya. Mai ɗakina tana gaishe ku da kyau, tana neman addu'arku. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ɗanku