Zuwa ga 'yata, kan maganar ƙullutu a nono

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, na ga gara in sa miki wannan magana a takarda, tunda kunya kan hana a yi ta baki da baki.

Ki ware rana ɗaya a kowane wata don duba nononki da kanki, kamar kwana 3 zuwa 5 bayan wankan tsarki, lokacin da nono ya saki ya daina nauyi. Ki tsaya gaban madubi hannu a sake, sannan ki riƙe ƙugu ki danna, sannan ki ɗaga hannuwa sama, kina duba ko fata ta lotsa a wani wuri. Daga nan ki kwanta rigingine, filo a ƙarƙashin kafaɗa, hannu ɗaya a bayan kai. Da cikin yatsu uku na tsakiya za ki bi nonon kaɗan-kaɗan, ki taɓa sama-sama, ki ƙara dannawa, sannan ki danna har ki ji haƙarƙari. Kada ki tsunkuli naman da yatsu biyu, duk wadda ta yi haka sai ta ji kamar ƙullutu alhali babu. Ki kai har cikin hammata, don gefen sama da ke kusa da ita nan ciwon daji ya fi fitowa.

In kin ji wani abu, kada hankalinki ya tashi. Mafi yawan ƙullutu ba daji ba ne. A shekarunki, wanda aka fi samu shi ne mai santsi, mai tauri kamar roba, yana zillewa ƙarƙashin yatsa in an taɓa shi. Akwai kuma mai ruwa a ciki, wanda kan kumbura ya yi zafi gab da al'ada, ya sauka bayanta. Mai shayarwa kuwa hanyar ruwan nono kan toshe mata, wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, zazzaɓi ya biyo baya. Kada ta cire yaro daga wannan nonon, tsotson ne ke buɗe hanyar. Amma in an kwana ɗaya ko biyu babu sauƙi, ta tafi asibiti kafin ya tara mugunya.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan: rashin zafi ba shaidar lafiya ba ne. Daji yakan fara ne shiru, ƙullutu mai tauri, gefensa ba santsi, ya kafe wuri ɗaya ba ya motsi. Mata da yawa sukan ce ai ba ya ciwo, su bar shi wata shida, shekara, har ya fashe. Hannunki aikinsa ya gano, ba shi zai yanke hukunci ba. Duk sabon ƙullutun da ya wuce al'ada ɗaya bai baje ba, likita zai gan shi. In kuwa fata ta koma kamar bawon lemo, ko kan nono ya shige ciki bayan da ba haka yake ba, ko jini na fita ta nan, ko kaluluwa mai tauri ta fito a hammata, ko gyambo ya ƙi warkewa, to a makon nan za ki tafi, babu jiran al'ada. Haka ma mai ciki da wadda al'ada ta ɗauke mata.

Kina kusa da asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna, ga kuma na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya. Ki faɗa wa likita yaushe kika fara jin sa, ko yana girma, da ko wata a dangin uwa ko na uba ta taɓa yin dajin nono ko na ƙwan mahaifa. Zai duba da hannu, ya tura ki hoto. 'Yar ƙasa da shekara 40 sikanin irin na masu ciki aka fi yi mata, domin naman nononta a cushe yake, mamogiram, wato hoton nono na X-ray, ba ya gani sosai. In da shakka, sai a kashe wurin da allura a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji, shi ne kaɗai ke tabbatar da ko mene ne.

A nan ne za a cika miki kunne da cewa daji ba ya son ƙarfe, allura na taɓa shi zai bazu. Ba gaskiya ba ne, 'yata. Masu zuwa a makare ne suka sa aka ɗora wa allura laifi, ciwon ya riga ya yi nisa kafin ta taɓa shi. Kada ki yarda a yi miki tsaga ko sakiya, ko a shafa abin da zai ƙone fata. Addu'a ki yi ta ba dare ba rana, amma kina yi kina kan layin ganin likita. In an ce miki lafiya lau, kuma kika ji ya ƙara girma, ki koma da takardun hotonki a hannu.

Ki karanta wa ƙannenki mata wannan. Maigidan ma ya ji, don maza ma suna yin dajin nono, ko da yake ba kasafai ba. A shafa min kan yara.

Wassalam,
Mahaifiyarki