Amsa ga Alhajin da ya tambayi inda aka binne cibiyata

Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya.

Ban ji shirin ba lokacin da ake yinsa, amma kafin la'asar labari ya ishe ni, har wani yaro ya kunna mini muryarka a waya. A filin wasanni na rediyo ka kama sunana, ka ce malamin nan da ke tara yara a gidan kallo suna ihun Arsenal ya fito ya gaya wa mutanen Bauchi inda aka binne cibiyarsa, nan ne ko Landan. Ka ƙara da cewa irinmu ne muka kashe ƙwallon gida, mai nasara kawai muke bi, kuma mu muka buɗe wa yara ƙofar caca. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a za ka sami amsa. Ka girme ni, ka yi zama da mahaifina, don haka zan riƙe harshena gwargwadon yadda ka riƙe naka.

Cibiyata tana unguwar Jahun, nan cikin garin Bauchi. Kai ma ka sani, domin an ce har da kai aka ci tuwon sunana. Ba neman sani ya sa ka yi tambayar ba, so kake a ce ni bare ne a garin ubana saboda rigar da nake sawa ranar Asabar. Wannan shi ya ci mini rai, sauran maganganun duk masu sauƙi ne.

To bari mu fara da kai, ranka ya daɗe. A 1991 aka kafa Wikki Tourists, ƙungiyarmu ta Bauchi. Kafin nan wa kake goyon baya? Ni dai na tashi na tarar da hoton Mighty Jets a manne a shagonka, kuma daga bakinka na fara jin sunan Sam Garba da Isma'ila Mabo. Kai ka koya mana cewa Jets ce ta fara ɗaukar kofin gasar ƙasa a 1972, kana faɗa kana dukan ƙirji kamar kai ka buga. Jets ta Jos ce. Abokanka na majalisa wasu Raccah Rovers ta Kano suke yi, wadda ta ɗauki gasar a 1978, wasu kuma Ranchers Bees ta Kaduna, da ta kai wasan ƙarshe na wani kofin Afirka a 1988. Kuna shiga mota ku tafi Jos kallo ku dawo da dare, babu wanda ya tare ku a tasha ya ce ku nuna masa inda aka binne cibiyoyinku.

Na san za ka ce ai Jos maƙwabta ne, duk Arewa ce. Ka ga ke nan ka bar maganar cibiya ka koma maganar nisa, kuma ban san wa ya ba ka igiyar awo ba. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Gombe daga Bauchi. Mutumin Kumo da ya kwana yana ɗan jiharmu, gari ya waye masa yana ɗan wata jihar. In ya ci gaba da son Wikki, ya ci amanar Gombe United ke nan? Ɗan kasuwar Azare ko Jama'are da duk harkarsa Kano take, ya saba da ihun "Sai Masu Gida" tun yana yaron mota, shi kuma a wane layi za ka sa shi? A 2009 da Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, garin nan kaf Pillars muka koma a daren, kuma ban ji ka hau rediyo ka yi mana faɗa ba.

Tunda tambaya ka yi, ga yadda Arsenal ta shigo gidanmu. Ba ni na je Landan na ɗauko ta ba, Nwankwo Kanu na bi. Duk wanda ya yi wayo a 1996 ya san daren gasar Olympics ta Atlanta, Brazil tana cin mu 3 da 1, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke ana dab da tashi, ya sake zura wadda ta kashe wasan. Muka wuce muka doke Ajantina 3 da 2 muka ɗauko zinare. Bayan nan aka ce yaron nan yana da ciwon zuciya, aka yi masa aiki a Amurka, mutanen da ba su san yarensa ba suna yi masa addu'a a masallatan unguwa. Da ya bar Inter Milan ya koma Arsenal a farkon 1999, muka kwashi tabarmarmu muka bi shi. A watan Oktoban shekarar yayana ya ja ni kallon wasansu da Chelsea. An ci Arsenal biyu, saura minti goma sha biyar, Kanu ya zura uku shi kaɗai. Ta ukun ma daga bakin layin ƙarshe ya buga ta bayan ya yanke gola, wurin da ko a mafarki ba a cin ƙwallo. Na fita daga ɗakin nan ba murya. Kanu ya bar Arsenal a 2004, ni kuma na kasa fita.

Ka zagaya gidajen kallo daga Wunti zuwa Yelwa ka tambayi manyan cikinsu, kusan labarin ɗaya ne, sunan ɗan wasan ne kawai ke canzawa. 'Yan Chelsea na farko Celestine Babayaro suka bi, haifaffen Kaduna, da ya je can a 1997. Na bayansu Mikel Obi suka bi a 2006, yaron da ya tashi a Jos, nan kusa da mu. Akwai masu Ajax saboda Tijjani Babangida. An yi lokacin da ake sayar da rigar Bolton a garin nan saboda Okocha, alhali ko masu sayarwar ba su san a wane gefen Ingila Bolton take ba. Da Ahmed Musa ya koma Leicester a 2016, sai ga shuɗiyar riga ko'ina, haka Napoli da Osimhen. Wato abin da kake kira rashin kishin gida, kishin gida ne ya haife shi. Namu muka bi zuwa inda ya tafi ci-rani, muka tarar da gidan da ya sauka ya yi mana, muka zauna.

Yaran yanzu kuwa gado suke yi. Wani ubansa ya saya masa riga tun bai iya magana ba. Wani kuma don yayansa Manchester United yake yi, shi sai ya ɗauki Liverpool, kawai don a sami abin musu a kan tuwon dare. Rabin masu Barcelona da Real Madrid a unguwarmu haka suka samo asali, wa da ƙani ne ko abokai biyu da ba sa son su yarda da juna. Taswira ba ta cikin lissafin kowa.

Ingilar ma da kake jin haushinta, ai har gida ta same mu. A gasar matasa ta duniya ta 1999, a filin Abubakar Tafawa Balewa Japan ta ci Ingila 2 da nema, muna zaune muna yi wa Japanawa tafi, mutanen da ba mu haɗa komai da su ba sai daɗin wasa. Da sharaɗinka za a bi, da hannu muka rungume har aka tashi.

Batun cewa mai nasara muke bi, wannan dariya ya ba ni. Ka sami ɗan Arsenal ka gaya masa haka? Bayan kakar 2004 da muka gama ba a doke mu ba, sama da shekara 20 muka yi ba mu ƙara ganin kofin Firimiya ba. Muna zaune Barcelona ta ƙwace mana kofin zakarun Turai a Paris a 2006. Muna zaune United ta yi mana 8 da 2 a 2011, washegari yaran aji suna rubuta lambar a allo kafin in shigo. Bayern Munich ta tara mana 10 da 2 gida da waje a 2017. Mai bin nasara da tuni ya sauya riga.

Caca kuwa haramun ce, na faɗa a aji, na faɗa a gidan kallo, kuma duk yaron da na gani da takardarta ya san abin da ke biyo baya. Amma mai caca ba ya son kowace ƙungiya, kuɗinsa yake so, har a kan wasannin gida yana zubawa. Kada ka haɗa mu.

Saura babbar tuhumar, wai mu muka kashe ƙwallon gida. Alhaji, ina garin nan a 1998 da Wikki ta doke Plateau United a bugun fenariti ta ɗauko Kofin Ƙalubale, na san yadda aka kwana ana zagaya gari da babura. Ina cikin fili a kakar 2016 da ta ƙare ta uku a ƙarƙashin Abdu Maikaba, Godwin Obaje ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da guda 18. Maikaba Bakano ne, ban ji ka ƙi shi ba, kuma ban ga ka tsayar da Obaje ka tambaye shi asalinsa kafin ka yi masa tafi ba. Su wa suka cika filin nan a shekarar? Da ka waiwaya daga inuwar da kake zaune, da ka ga rigunan Arsenal da Chelsea da Barcelona ne jere a rana suna kiran Wikki har muryarsu ta dishe. Yaran da kake zagi su ne. Da ta faɗi daga babbar gasa a 2023 su suka yi baƙin ciki, da ta dawo a 2025 su suka fita murna. Zuciyar mai kallon ƙwallo tana ɗaukar biyu, ta Turai da dare, ta gida da yamma, kuma ba ta taɓa yi mana ƙunci ba.

Abin da ke korar yaro daga gasar gida ba a gidan kallo yake ba. Yaro ɗan shekara goma zai gaya maka ranar da Arsenal za ta buga wasa nan da wata uku, da ƙarfe nawa, kuma in ranar ta zo a buga. A gasarmu sai ka shirya a ce an ɗage, wani lokaci ma sai bayan an tashi ka ji an yi. Wasan Ingila har da Hausa ake kawo sharhinsa a rediyo, yana shiga kunnen mai shayi da mai faci. Namu in ƙungiya ta tafi waje, sai dai ka jira wani ya bugo waya ya faɗi sakamako. Ka shiga kasuwa neman rigar ƙungiyar gida ta yaro, ka gama yawo ba ka samu ba, ta Chelsea kuwa har ta jarirai an rataye. Yawancin ƙungiyoyin ƙasar nan na gwamnatocin jihohi ne, shugabancinsu yana tafiya da siyasa, in gwamnati ta canza a share kowa a kawo sababbi. 'Yan wasa su yi watanni suna bin albashi. Wanda ya haskaka kaka ɗaya, kafin yara su haddace lambar rigarsa ya tafi, kuma ba mai ganin laifinsa, yana da iyali. To da wa yaro zai shaƙu? Mu Kanu ya riƙe mu shekara biyar a wuri ɗaya.

Sannan ga al'adar nan ta cewa mai gida dole ya ci. Na taɓa ɗaukar ɗana zuwa wani fili, ba zan faɗi garin ba. Baƙi suka farke ana kusa da tashi, sai duwatsu, sai barkonon tsohuwa, na fito da yaro a kafaɗa yana tari, takalminsa ɗaya ya ɓace. Uwarsa ta rantse ba zai ƙara zuwa ba, kuma ban iya yi mata musu ba. An sami sauƙin wannan a 'yan shekarun nan, baƙi suna cin wasa a waje su fita lafiya, na yarda. Amma uwayen da suka ga wancan zamanin ba su manta ba, kuma ba ni na jefi alƙalin wasa ba.

Duk wannan ka fi ni saninsa, domin ka fi ni kusa da masu abin. Shi ya sa na yi mamaki da ka sami makirufo na rabin sa'a, ba ka tambayi ko mutum ɗaya daga cikinsu ina kuɗin 'yan wasa ba, sai malamin makaranta da yara masu haɗa ɗari-ɗari su biya kuɗin kallo ka gani. Laifi tudu ne, Alhaji. Ana ta raɗe-raɗin za a naɗa wani sabon kwamiti, kuma mutane sun lura kishinka bai tashi farkawa ba sai a wannan watan. Ni ban ce komai ba, Allah ya ba mai rabo sa'a. Abin da na sani kawai shi ne akwai tauraron ɗan'adam a kan rufin gidanka, akwai sola, kuma daren da Real Madrid ke wasa ba a samunka a majalisa. Autanka ma da farar riga yake zuwa wurinmu in an hana shi taɓa rimot, muna ba shi benci, ba mu taɓa tambayarsa komai ba.

Yaushe rabonka da sayen tikiti da kuɗinka? Ba katin gayyata ba, ba shiga ta ƙofar manya ana ɗaga maka hannu ba. Wasan Wikki na gaba a gida ina nan a ɓangaren da rana ke duka, yaran gidan kallo za su zo da rigunan da suke da su. In kana son mu ƙarasa maganar, ka bi layi ka yanki tikiti ka same mu a can. Ka zo da wuri, domin ana tashi sallar magariba za mu yi mu wuce kallon wasan dare.

Wassalam.
Ƙaninka.