Ya sake ni, yara suna wajen uwarsa, kuɗina suna cikin gininsa

Assalamu alaikum Hajiya, Allah Ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana.

Daga Kano nake rubuto miki. Shekararmu 11 da aure da baban yarana, muna da namiji ɗan shekara 9, da mace 'yar shekara 6, sai auta da na yaye bara. Bayan ƙaramar salla ya miƙo min takardar saki ɗaya, ya ce in tafi gidanmu. Na ce masa Allah cewa Ya yi mace ta yi idda a ɗakinta, ya ce muddin na kwana a gidan zai cike sauran biyun. Haka na goya auta na fita. Manyan ya kai su wajen mahaifiyarsa, wai kada karatunsu ya tsaya. Har idda ta cika babu biko.

Surukata ba muguwa ba ce, tsakani da Allah, sai dai tsufa ya kama ta, ga ciwon ƙafa. Da na je ganin yaran, kitson da na yi wa yarinyar da salla shi ne a kanta, ya cukurkuɗe, amosani ya yi fari fat. A tsakar gidan na zauna na tsefe na wanke mata, tana ta tambayata yaushe zan dawo. Shi kuma yayan ya zama ɗan aike, daga kai niƙa sai ɗebo ruwa, Islamiyya sai ranar da ya ga dama.

Baffanninsu sun ce ɗa na uba ne, da an yaye shi uwa ta gama nata. Amma malamarmu ta karantar da mu a Risala cewa bayan saki uwa ce ke da haƙƙin riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ci da sha da sutura kuma suna kan uba. To ni ko ta hannuna, abin da yake aikowa jefi-jefi ba ya sayen sabulu da maganin tari.

Sai maganar gida, wadda ita ce ke hana ni barci. A 2019 gininsa ya tsaya a linta. Na sayar da kasona na gonar kakanmu da aka raba, na haɗa da kwasar adashina da awarwarona, na ba shi naira miliyan 1 da dubu 800 aka sayi kwano da katako da siminti. Lokacin buhun siminti bai kai naira 3,000 ba. Ya ce min, "Ai gidan naki ne ke da 'ya'yanki." Takardar fili da sunansa take. Yau ya ce kyauta na ba shi. Rabin kuɗin ta banki na tura, akwai shaida. Rabin kuwa a hannu na ba shi a gaban ƙanensa, kin kuwa san da wuya ƙane ya tsaya gaban alƙali ya ba da shaida a kan yayansa. Kayan ɗakina dai an kwaso, ban da firij da ya ce shi ya saya.

Mahaifina ya ce in bar wa Allah, ba a kai uban 'ya'ya kotu, yaran za su taso da abin a ransu. Ba na son saɓa masa. Amma kuɗin nan su ne jarina, kuma ni nake ganin kan 'yata.

Hajiya, in fara da Hisba a yi sulhu, ko in wuce kotun shari'a kai tsaye? Idan alƙali ya yarda bashi ne, adadin da na bayar zai biya ni, ko za a duba darajar gidan a yau? Sannan akwai wanda ya fito yana nemana. An ce ina yin aure riƙon zai faɗi daga hannuna ya koma wajen mahaifiyata. Ita tana da ƙarfinta kuma ta yarda, amma baban nasu zai iya hanawa? Da wane baki kuma zan shawo kan mahaifina?

Daga wata baiwar Allah, Kano.