Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Abzin Kan Neman Kuɗin Gwamnati Domin Farfaɗo da Yawon Hamada da Motocin Kat-kat

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Abzin,
Fadar Sarki, Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, muna roƙon Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Mu da muka sa hannu a wannan takarda talakawanka ne mazauna Agadas da ƙauyukan Abzin, direbobin kat-kat, wato motoci masu jan ƙafa huɗu, da jagororin hamada da makanikai da maƙeran azurfa da dukawa da masu masaukin baƙi. Mun kawo kukanmu fada ne domin Sarki ya isar da shi ga Gwamnan jiha da hukumar birni da ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido a Yamai, cewa muna neman a ware kuɗi a cikin kasafin gwamnati, a rubuce, don shata hanyoyi da keɓe filin wasan motocin hamada a wannan jiha.

Sarki ya fi mu sanin abin da mota mai jan ƙafa huɗu ta taɓa yi wa garin nan. Tseren motoci na Faris zuwa Dakar, wanda ya fara tashi a watan Disamba na 1978, ya ratsa ta Agadas tun a karonsa na farko, kuma a 1997 nan ne aka juya, daga Dakar zuwa Agadas sannan a koma Dakar. A wancan zamani, lokacin sanyi jirage kan sauke baƙi kai tsaye daga Faransa, a ɗebe su a motoci zuwa Timiya da Iferwan da tuddan yashin Temet da Arakawo, wasu har Fashi da Bilma. Mota guda ta baƙi tana ciyar da direba da yaronsa da jagora da kuku, tana kuma taɓa mai sayar da akuya a zango, da mai lambun lemu da rumman a Timiya, da maƙerin da ke zaune a rumfarsa yana goge sarƙar azurfa yana jiran dawowar ayari.

Daga nan masifu suka biyo juna. An yi tawayen da aka sasanta a 1995, aka sake wani daga 2007 zuwa 2009 wanda ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyin duwatsu, aka sace ma'aikata a Arlit a 2010, ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da kada su zo. Shi kansa tseren an soke shi a 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009, kuma tun 2020 a Saudiyya ake yin sa. Direbobinmu da suka san hamada dare da rana suka watsu, wasu hanyar Libiya da fasinja, wasu haƙar zinari a Jado tun 2014. Dokar 2015 kan safarar baƙin haure ta sa aka kama motoci da dama, kuma ko da yake an soke ta a 2023, wannan hanya ba ita muke so 'ya'yanmu su gada ba. Yau a gidajenmu akwai motocin da aka ɗora a kan duwatsu aka kwance tayoyinsu, tsanin fitar da mota daga yashi yana rataye a gefe ya yi tsatsa, awaki suna kwana a inuwarsu.

Ranka ya daɗe, ba mu ce a zauna jiran Turawa ba. Akwai matasa da 'yan kasuwa da ma'aikata a Yamai da Maraɗi da Damagaram, har da Kano da Katsina, waɗanda ke da motoci da babura masu ƙarfi kuma ba su taɓa ganin hamadar Tenere da idonsu ba. Taron da ake yi a Ingal lokacin shan gishirin dabbobi a watan Satumba, da bikin Abzin na Iferwan, da Biyanu a nan cikin gari, duk sun nuna cewa mutanenmu suna zuwa in dai akwai tsari da tsaro. Tsohon birnin Agadas yana cikin jerin kayan tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 2013, hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27 tana tsaye, raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabus suna nan. Abin kallo bai ƙare ba, hanyar isa gare shi cikin kwanciyar hankali ce ta lalace.

Babbar buƙatarmu ita ce a keɓe fili kusa da gari, wanda ba makiyaya ba ne kuma ba kan hanyar ayarin gishiri yake ba, inda masu sha'awar hawan tudun yashi za su yi wasansu, sannan a shata manyan hanyoyin zagaye da alamomi masu ɗorewa yadda kowane direba zai san inda aka yarda ya bi. Mun dage a kan wannan ne domin mun ga ɓarnar tuƙin kowa-tasa-ta-fishe-shi. Sawun taya a kan tsakuwar hamada yakan yi shekaru bai goge ba, ciyawar da ta tsiro bayan ruwa guda mota ɗaya tana iya murƙushe ta kafin raƙumi ya kai baki, kuma duwatsun niƙa da kawunan kibau na mutanen da, waɗanda ke shimfiɗe a fili, ana take su ko a kwashe su a aljihu. Itaciyar Tenere da ayari ke gane hanya da ita mota ce ta kayar da ita a 1973, yanzu sai dai a je gidan tarihi na Yamai a ga kututturenta. Gandun Abzin da Tenere, wanda aka kafa a 1988 mai faɗin kadada fiye da miliyan 7, ya shiga jerin UNESCO a 1991, a shekarar da ta biyo kuma aka sa shi cikin wuraren da ke fuskantar haɗari. Ba ma son sana'armu ta zama sanadin ƙarewar barewa da sauran namun da suka rage, don haka muna roƙon a fitar da hanyoyin daga wuraren kiwonsu, kuma kada a kafa alama ko ɗaya sai an zauna da makiyaya Abzinawa da Fulani da Tubawa an ji ta bakinsu game da rijiyoyi da burtali.

Kuɗin da muke nema ba na gina manyan otel ba ne. A fara da binciken hanyoyin da ake zargin akwai ragowar nakiya, a samar da motar ceto da wayar tauraron ɗan'adam da akwatin magani a kowane babban zango, a kuma ƙarfafa jami'an tsaron da za su riƙa sintiri a lokacin baƙi, domin babu wanda zai kawo iyalinsa wurin da bai amince da shi ba. Bayan haka a horar da matasa tuƙin yashi da agajin gaggawa a hannun tsofaffin jagorori tun suna raye, a ba masu motocin da suka mutu rance mai sauƙi su tayar da su.

Muna kuma roƙon Sarki ya tsaya mana a kan yadda za a kashe kuɗin, wanda shi ne abin da ya fi damun mu. A kafa kwamiti da wakilin fada da na direbobi da na makiyaya da na mata masu sana'ar hannu, a liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a inda kowa zai karanta, a ba makanikai da magina na gari aikin da za su iya, kuma wani kaso sananne na kuɗin shiga filin ya koma ga ƙauyukan da hanyar ta ratsa domin gyaran rijiya da ɗakin magani. Mu kuma mun ɗauki alkawari a gaban Sarki cewa duk direban cikinmu da ya kauce wa hanyar da aka shata, ko ya bar baƙo ya ɗauki kayan tarihi, mu da kanmu za mu kawo sunansa fada.

Muna neman izinin Sarki ya sa mana rana kafin shigowar sanyi, mu zo da taswirar wuraren da muke ganin sun dace, tare da dattawan da suka san su.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Abzin lafiya.

Talakawanka masu biyayya,
Direbobi da jagorori da masu sana'ar hannu na Agadas da kewaye.