Wasiƙa ga ɗana kan maganar Iran

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan gida kowa lafiya, sai godiyar Allah.

Ƙanwarka ta nuna min abin da kake rubutawa a Facebook game da Iran, har da inda ka ce gara Amurka ta shigo ta kawar da malaman nan kowa ya huta. Na kuma ga masu mayar maka da martani suna cewa duk wanda ya fito zanga-zanga a Tehran ɗan koren Isra'ila ne. Su ban yarda da su ba, kai ma ban yarda da kai ba. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Inda kake da gaskiya ba zan tauye maka ba. Mutanen Iran suna da dalilin fushi. Ana zaɓe a ƙasar, amma ba ka tsayawa takara sai wata majalisa mai mutum 12 ta tantance ka, shida daga cikinsu Jagoran addini ne ke naɗa su da kansa, sauran shidan kuma alƙalin alƙalai, wanda shi ma Jagoran ya naɗa, shi ke gabatar da sunayensu. Soja, kotu, gidan rediyo da talabijin, duk a hannun Jagoran suke. Mutanen da suka yi ƙorafin maguɗi a 2009 an murƙushe su, aka yi wa ɗan takararsu Mir Hossein Mousavi ɗaurin talala a 2011, mutumin da ya yi firaminista lokacin yaƙin Iran da Iraƙi. A Nuwamban 2019 an ƙara kuɗin mai, jama'a suka fito, aka toshe intanet kusan mako guda, aka kashe ɗaruruwa. A Satumban 2022 Mahsa Amini, yarinya 'yar shekara 22, ta rasu a hannun 'yan sandan ɗa'a saboda maganar ɗankwali, jama'a suka sake fitowa, aka sake kashe ɗaruruwa, aka rataye wasu matasan. Duk wanda ya ce maka wannan ƙiren ƙaryar Turawa ne, ka tambaye shi me ya sa Ayatullahi Montazeri, wanda aka riga aka tsayar ya gaji Khomeini, Jagoran farko, ya rasa matsayinsa a 1989 bayan ya soki kashe dubban fursunoni da aka yi a 1988. Shi ma Amurka ce ta saye shi?

To amma maganin da ka kawo, an taɓa sha a ƙasar nan. A 1951 firaminista Mohammad Mosaddegh ya ƙwace man fetur ɗin Iran daga hannun kamfanin Ingila ya mayar da shi na ƙasa. A Agustan 1953 hukumomin leƙen asirin Amurka da Ingila suka shirya juyin mulki suka tumɓuke shi, suka ƙarfafa sarki Mohammad Reza Pahlavi. Ba zargi ba ne, CIA da kanta ta fitar da takardun a 2013. Abin da ya biyo baya shekara 25 ne na mulkin mutum ɗaya da 'yan sandan ciki na SAVAK masu azabtar da mutane. Kuma tun da an karya jam'iyyu da 'yan boko masu adawa, masallaci ne kawai ya rage wurin da jama'a za su taru su yi magana. Ka ga ke nan waɗanda kake kira su zo su cire malaman, su ne suka share musu hanya tun farko.

Akwai kuma abin da 'yan zamaninku ba sa lura da shi: hari daga waje yakan zame wa irin wannan gwamnati abinci. Lokacin da Saddam ya afka wa Iran a Satumban 1980, sabuwar gwamnatin da juyin juya halin 1979 ya kawo ba ta gama tsayawa da ƙafafunta ba, rigima ce ko ta ina. Yaƙin shekara takwas shi ya haɗa mata kan jama'a, shi ya raini Dakarun Juyin Juya Hali har suka zama abin da suka zama, shi ya ba ta damar kiran duk mai suka maci amana. Bayan hare-haren Isra'ila da Amurka na Yunin 2025 ma, kame mutane aka shiga yi da sunan farautar 'yan leƙen asiri. Takunkumin da aka dawo da shi a 2018, bayan Trump ya fice daga yarjejeniyar nukiliya, malamin makaranta da ɗan fansho ya fi ci, masu fasa-ƙwaurin da ke kusa da gwamnati kuwa kasuwa ta buɗe musu.

Mu ma nan ba labari aka ba mu ba. A 2011 NATO ta yi ruwan bama-bamai a Libya, aka kashe Gaddafi a watan Oktoba, aka yi ta tafi. Rumbunan makamansa suka fashe, bindigogi suka bi Sahara suka gangaro Mali da Nijar, wasu har dazukanmu. Waɗanda suka jefa bam ɗin sun koma gida sun kwana lafiya. Iraƙi kuwa ka san yadda ta kasance: an rusa sojanta a 2003, a 2014 'yan ISIS suka kama Mosul. Iran ƙasa ce mai mutum wajen miliyan 90, da Farisawa da Azarawa da Kurdawa da Balushawa da Larabawa. Idan ta tarwatse, ba Tehran kaɗai za ta ji ba.

Kada ka ɗauka ina cewa mutane su zauna su rungume hannu. Ka duba yadda Shah, wato sarkin nan Pahlavi, ya faɗi. Ba jirgin yaƙin kowa ne ya kore shi ba. 'Yan kasuwa suka rufe shaguna, ma'aikatan mai suka shiga yajin aiki a ƙarshen 1978 har kuɗi ya daina shigowa, ya bar ƙasar a Janairun 1979, soja kuma suka ce sun janye hannu ranar 11 ga Fabrairu. Daga ciki aka yi shi. Amma ko a nan akwai abin tsoro. 'Yan gurguzu da 'yan kishin ƙasa da ɗalibai da malamai duk sun haɗu a kan sarki ya tafi, ba su tsaya sun daidaita kan abin da zai biyo baya ba. Wanda ya fi tsari shi ya kwashe komai. Shugaban ƙasa na farko, Bani-Sadr, an tsige shi a 1981, da ƙyar ya tsere Faransa. Sudan ma, inda muke da dangi, sun kori Bashir a 2019 da hannunsu, ga inda janar-janar suka kai su. Saboda haka idan ka ji ana cewa a tumɓuke wane, ka tambaya: wa zai riƙe makamai washegari, wa zai biya albashi, wa zai hana ramuwar gayya?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ka bari maganar ta koma faɗan Shi'a da Sunna da kuka saba. Yawancin waɗanda ake harbewa a titunan Iran 'yan Shi'a ne, masu harbinsu ma haka. A birnin Zahedan na Iran kuma, ranar 30 ga Satumban 2022, 'yan Sunna aka buɗe wa wuta bayan sallar Juma'a. Abokan gardamarka da ke kukan mutum sama da 340 da aka kashe a Zariya a Disambar 2015, kukansu yana kan hanya, sai dai ya kamata su ji irinsa ga yaran Tehran. Kai kuma da ke kukan yaran Tehran, ban taɓa ganin ka rubuta komai kan na Zariya ba, alhali su ne kusa da kai.

Ga abin da nake so. Ka goge wancan rubutu na kiran hari. Ba ka da hurumin kira wa wasu wuta a gidan da ba za ka kwana ciki ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan za ka yi magana, ka yi a kan abin da su kansu 'yan ƙasar suke nema: a saki fursunoni, a daina rataya, a bar mata su sarara, a bar mutane su zaɓi wanda suke so. Bidiyon da ba ka san asalinsa ba kada ka tura, ɓangarorin biyu duk suna da masu ƙera ƙarya. Yaron nan ɗan ajinku da ka kira da mummunan suna a bainar jama'a, ka neme shi ku yi magana ido da ido kafin hutu.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ta ba direba kilishi da yaji ya kawo maka ranar Asabar. Ka gaishe da kawunka idan ka leƙa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.