Kar a taɓa foldar pg_wal in faifai ya cika

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya da kai da ma'aikatanka. Daga Garwa nake rubuto maka, kan wani abu da ya same mu a shagon sari da nake kula wa da kwamfuta, don na san akwai 'yan'uwa a Marwa da Kuseri har Njamena da ke da irin sabarmu, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan shago, a ƙarƙashin tebur tana shan ƙura ba mai leƙa ta.

Ranar wata Asabar da sassafe Alhaji mai shagon ya kira ni yace kwamfutar kashiya ta ƙi buɗewa, ga motar shinkafa ana saukewa ga masu bashi sun zo biya ba a san nawa ake bin kowa ba, domin komai na cikin rumbun bayanai na PostgreSQL. Da na iso na tarar da ɗan yayana da ke koyon aiki a wajena ya kashe ya kunna ya fi sau biyar, kullum saƙo ɗaya, No space left on device, wato faifan ya cika maƙil. Yaron ya riga ya gano foldar da ta fi kowacce kumbura, pg_wal, hannunsa na kan maɓalli yace min Kawu ai tarkacen rahoto ne bari in share. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Wannan folda ba tarkace bace. Duk cinikin da aka shigar, can ake fara rubuta shi kafin ya zauna a ainihin teburan bayanai, fayil-fayil kowanne mega 16, in saba ta faɗi daga nan take karantowa ta miƙe. Da can sunanta pg_xlog, mutane suna ganin log, wato rahoto, a sunan su share su yi asara, har sai da masu PostgreSQL suka canza sunan a sigar 10 a 2017. Masu MySQL, wani irin rumbun bayanan, ma haka, ibdata1 da ib_logfile ba abin taɓawa bane.

Abin da muka yi shine, na farko na kwafe foldar bayanan gaba ɗaya zuwa wani faifan waje, Alhaji na ta safa da marwa yana cewa a yi sauri amma nace sai an gama. Sannan df -h, umarnin da ke nuna cikar faifai, ya nuna 100%, na nemi wuri a wajen rumbun, na rage tsofaffin rahotannin /var/log na yi apt clean don share ragowar fayilolin girka manhaja. Sai wata dabara da ba kowa ya sani ba, ext4, tsarin da ake ajiye fayil a faifai da shi, yana ɓoye kashi 5 cikin 100 na faifai don root kaɗai, wato babban mai iko da saba, shi yasa kai kana iya rubutu amma PostgreSQL ba ta iya ba. Namu giga 500 ne, da tune2fs -m 1, umarnin da ya mayar da ɓoyayyen kashin zuwa 1 cikin 100, sai ga wajen giga 20 sun fito. Muka tada PostgreSQL, ta ɗan jima tana karanta pg_wal ɗin nan da aka so sharewa, ta tashi, ko sefa ɗaya bai ɓace ba alhamdulillahi.

Musabbabin kuwa, faifan da saba ke tura kwafi cikinsa wani ya cire ya tafi da shi gida makonni, ita kuma ba ta zubar da fayil na pg_wal sai ta tabbatar an kwafe shi, sai suka yi ta taruwa. Da muka mayar da shi kafin la'asar foldar ta saɓe da kanta.

Roƙona ga iyayenmu 'yan kasuwa, dan Allah a daina ganin kuɗin faifai na biyu a matsayin almubazzaranci, littafin bashinku ne fa a ciki. A sa yaro ya duba df -h duk Juma'a, in ya haura 80% a kira mai gyara tun kafin motar kaya ta tsaya a ƙofa. Malam Edita in da hali a ba mu ɗan fili a jarida muna bayanin irin wannan da Hausa, yawancin yaranmu da Faransanci suka yi karatu, saƙonnin saba kuma da Turanci suke fitowa.

Naku,
Mai karatu daga Garwa, Kamaru